Philip Gbeho, Wanda Ya Tsara Muryar Taken Ƙasar Gana

Yaran makarantun Nima da Maamobi suna rera taken ƙasar Gana da safe kafin su shiga aji, amma kaɗan ne cikinsu suka san wanda ya tsara muryarsa. Sunansa Philip Gbeho, mutumin kabilar Ewe. An haife shi a 1904 a Vodza, wani ƙauyen masunta kusa da Keta.

A makarantar Katolika ta Keta ya koyi kaɗa ogan na majami'a. Ya yi karatun malanta a Achimota, ya koma Keta yana koyarwa yana kuma bi da mawaƙan ikkilisiya. A 1938 aka kira shi Achimota ya koyar da kiɗa, a 1949 kuma ya sami tallafin karatu zuwa Trinity College of Music a Landan.

A zamanin nan masu wa'azi da yawa sun ɗauki ganga kayan tsafi ne, har ba a yarda ta shiga sujada ba. Gbeho ya tashi cikin waƙoƙin Turawa, ya kuwa ƙware a cikinsu ƙwarai, duk da haka bai raina gangar gidansu ba. Yana Landan ya riƙa yin lacca a kan kiɗan ƙasarsa, ya haɗa 'yan Afirka suna nuna kiɗa da rawa a gaban Turawa. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga mai kaɗa ogan na majami'a.

Da 'yancin kai ya matso a 1957 aka yi gasar taken ƙasa, muryarsa ce ta ci. An sake kalmomin bayan Gana ta zama jamhuriya a 1960, aka sake su kuma bayan juyin mulkin 1966 da ya hamɓarar da Nkrumah. Muryar dai ba wanda ya taɓa ta.

A zamanin Nkrumah ne ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasa a Ankara, babban birnin, masu gogen Turawa da masu busa, shi ne yake tsayawa gabansu yana bi da su. Ya rasu a 1976. Komla Dumor, wanda ya yi suna a BBC, jikansa ne.