Komawa baya da zagayen rayuwar shafi a manhajar waya

Zagayen rayuwar shafi shi ne matakan da kowane shafin manhaja ke bi tun daga buɗe shi har zuwa rufe shi. A Android, tsarin wayar ne ke sanar da manhaja kowane mataki ta hanyar kiran onCreate, onStart da onResume idan shafi zai bayyana, sannan onPause, onStop da onDestroy idan zai kau.

Shafukan da mutum ya buɗe suna jeruwa ne kamar tulin faifai. Danna maɓallin komawa baya yana ɗauke na sama, na ƙarƙashinsa ya fito. Android 10 ta 2019 ta kawo komawa baya da jan yatsa daga gefen allo, Android 13 ta 2022 kuma ta ajiye tsohuwar hanyar onBackPressed. iPhone ba ta da irin wannan maɓalli na bai ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wayoyi masu ƙaramar ma'adana. A Wamakko, inda babbar harabar Jami'ar Usmanu Danfodiyo take, wayoyin Tecno da itel da Infinix sun cika hannun jama'a. Mutum na cike fom sai kira ya shigo, wayar ta kashe manhajar a ɓoye don samun sarari. Juya wayar a kwance ma yakan sake gina shafin. Idan mai rubuta manhajar bai adana bayanan da onSaveInstanceState ba, mai wayar na iya tarar da fom wayam. Wani kayan aikin, ViewModel, yana riƙe bayanai idan an juya waya, amma ba ya tsira idan tsarin ya kashe manhajar.