Ido, Zato da Lilon Hannu: Gwajin Chevreul da Neman Zinare a Yammacin Zamfara

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke sa zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa ya yi lilo a hannun mutumin da ya rantse bai motsa ba. Ta bi sawun gwaje-gwajen da aka fara tun 1812, waɗanda suka nuna ido da zaton mai riƙo ne ke tuƙa lilon, sannan ta auna ma'anar hakan ga masu haƙar zinare daga Anka zuwa Bukkuyum har iyakar Gummi.

Asalin gwajin

Masu aikin hifnosis, wato sanya mutum cikin nutsuwa mai zurfi har ya riƙa bin abin da ake raya masa, sukan fara da irin wannan zaren mai zobe a ƙarshensa. Sai a ce wa mutum kada ya motsa hannu, ya dai ƙudura a ransa cewa zoben na tafiya gabas da yamma. Ba a jimawa sai zoben ya kama hanya.

Masanin sinadarai na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, ya gwada abin da kansa a 1812, ya kuma bayyana sakamakon a wasiƙar da ya rubuta wa masanin kimiyya Ampère a 1833. Ya rataye zoben ƙarfe a kan zaiba, zoben ya yi lilo. Da aka gitta gilashi a tsakani, ya tsaya. Da wani ne, da nan zai ce zaiba ce ke jan ƙarfe. Chevreul bai gamsu ba. Ya tokare hannunsa da katako, ya ga lilon na raguwa gwargwadon kusantar tokarin da yatsu. Daga nan ya sa aka ɗaure masa ido, mataimakinsa ya riƙa sa gilashin yana cirewa bai sani ba. Zoben bai ƙara amsawa ba.

A 1852 William Carpenter ya bayyana cewa tunani kaɗai kan motsa tsoka ba da niyya ba. A 1853 Michael Faraday ya nuna haka a kan teburan da ake cewa aljanu ke juyawa a Ingila.

Rawar da ido ke takawa

Motsin yatsun ƙanƙane ne, zaren ne ke ninka shi. Zare mai tsawon santimita 25 yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa 1. In ɗan turin yatsa ya faɗo daidai wannan lokaci, ƙarfin sai ya taru, kamar yadda ake tura yaro a lilo da yatsa biyu muddin an san lokacin turi. Ido ne ke ba hannu wannan lokacin. Yana bin zoben, yana gaya wa ƙwaƙwalwa inda ya kai, ita kuma tana gyara tsoka a ɓoye. Randolph Easton da Ronald Shor sun auna wannan a Amurka daga 1975, suka samu lilon ya fi faɗi idan mutum na kallon zoben yana kuma raya motsinsa. Abin lura a nan, kuma ina ganin shi ne ya fi muhimmanci, mai riƙon ba maƙaryaci ba ne. Da gaske bai ji ya motsa ba.

Yammacin Zamfara

Mai haƙa rami a Bagega yana zuba kuɗi da rai a kan tambaya ɗaya: ina jijiyar zinaren ta bi? Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai na 2019 a Disambar 2024, tambayar ta ƙara tsada. A intanet ana tallata na'urori masu eriya mai juyawa, wai suna hango zinare daga nesa. Kamar zoben Chevreul, irin wannan eriya karkatar hannu take bi. Wani ɗan kasuwa, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi da Nijar da wasu ƙasashe makamanciyarta da sunan gano bam, kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013.

Mutanen yankin sun san awo na gaskiya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Na'urar da aka auna dalmar da ke ƙasar gidaje da ita lamba ɗaya take bayarwa ko wa ya riƙe ta, ko ya yi imani ko bai yi ba.

Gwajin da ake ba da shawara

A jera ƙore 10 a kife, a sa dutse mai zinare a ƙarƙashin ɗaya. Wanda ya ɓoye ya bar wurin, don kada idonsa ko tsayuwarsa su ba da amsa. Mai riƙo ya nema a hali uku: yana bin zoben da ido, ya kafe ido a kan bango, sannan an ɗaure masa ido ana bi da shi ƙwarya ƙwarya. A rubuta faɗin lilon a kowane hali, a maimaita sau da yawa. Dace kaɗai zai ba shi nasara kusan sau 1 cikin 10, don haka da wannan adadi za a kwatanta sakamakonsa.