Cike Kududdufai da Ƙamfar Ruwa a Birnin Kano: Shin Laifin Sauyin Yanayi Ne Kaɗai?

Galibin abin da aka rubuta kan ƙarancin ruwan sha a Kano yana ɗora laifi ne a kan sauyin yanayi, ana kafa hujja da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Ba mu musa ɓarnar fari ba. Sai dai damina ta farfaɗo a yankin Sahel tun shekarun 1990, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ba su ƙafe ba, amma 'yan garuwa sai ƙaruwa suke yi. Wasu manazarta sun tsaya kan rashin lantarki a matatar ruwa ta Tamburawa da fasassun bututai. Da gaskiyarsu, ba sai mun maimaita ba.

Mun kwatanta tsofaffin taswirorin birni da hotunan tauraron ɗan'adam, muka kuma zanta da masu haƙar rijiyar burtsatse.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɓacewar kududdufai. Asalinsu ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Da damina suna tara ruwa, ya yi watanni yana tsuma ƙasa a hankali, rijiyoyin unguwa su samu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Kano, domin birnin yana zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da tsagogin da ke cikinsa. Wannan taskar ruwa ba ta da zurfi, dole a cika ta duk shekara. Yau an cike da dama daga cikin kududdufan da shara, an yanka filaye, an kafa shaguna, an malale tsakar gida da siminti. To ga shi ruwan yanzu yakan sauko da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, musamman a watan Agusta. Da ya rasa masauki sai ya bi kwalbati ya faɗa kogin Jakara, ko ya afka gidajen mutane. Ruwan da ya rushe katanga a Agusta shi ne wanda rijiya ke nema a Afrilu. Masu tsara birni suna kallon ambaliya da ƙamfa a matsayin matsaloli biyu, kowace da ofishinta. A ganinmu guda ce. Kowane mai hali kuma ya haƙa burtsatse a ƙofar gidansa, ana zuƙa daga taskar da aka toshe wa mashiga.

Za a ce kududdufi matattarar sauro ne da ƙazanta, yara kuma na nutsewa a ciki. Haka ne, kuma ruwan da ya ratsa bola yana iya gurɓata rijiya. Mun kuma yarda cewa taswira ba ta auna zurfin ruwa, maganar mahaƙa ba ta kai awon shekara da shekaru ba, yawan jama'a ma yana da nasa kaso. Amma batun sauro, ƙazanta da nutsewar yara hujja ce ta yashe kududdufi a killace shi, ba ta sayar da shi ba.