Wa Ya Fara Harbi?

Akwai wani zanen barkwanci mai gida uku da na yi shekaru da dama da suka wuce. A gida na farko ga darakta riƙe da almakashi yana cewa yau ya kammala fim ɗinsa, a na biyu ya yi furfura yana faɗar haka, a na uku jikansa na riƙe masa tsani. George Lucas nake nufi, da fim ɗinsa Star Wars. Kwanan baya na ɗauko zanen zan gyara, domin fim ɗin ya sake canzawa bayan na ajiye alƙalami, sai na ga ya kamata in bi asalin wannan ɗabi'a tukuna.

Ba Lucas ne ya fara ba. A 1942 Charlie Chaplin ya sake fitar da The Gold Rush na 1925, ya cire rubutun da ke tsakanin hotuna, ya ɗora muryarsa da kiɗa, ya kuma datse sumbatar ƙarshe. A 1986 Ted Turner ya sayi rumbun fina-finan MGM ya shiga shafa wa masu baƙi da fari launi. Cikin waɗanda suka je gaban majalisar dokokin Amurka a 1988 suna kukan a daina taɓa tsofaffin fina-finai har da Lucas kansa.

Shekara 9 bayan nan ya taɓa nasa. A Star Wars na 1977, Han Solo na zaune a mashayar Mos Eisley, wani mai suna Greedo ya saita shi da bindiga, Han kuwa ya riga shi harbi ta ƙarƙashin tebur. Wannan ɗan lokaci ne ke nuna mana ko wane ne Han: mutumin da bai san kowa ba sai kansa. Shi ya sa dawowarsa ya ceci abokansa a ƙarshen fim take taɓa zuciya. A fitowar 1997 sai Greedo ya fara harbi ya kuskure, alhali tazarar ba ta wuce faɗin tebur ba. A faifan DVD na 2004 harbin ya zo kusan tare. A 2019, a Disney+, an ƙara wa Greedo wata kalma kafin ya mutu.

Steven Spielberg ma ya gwada a 2002: bindigogin jami'an tsaro a E.T. suka koma rediyon oba-oba. Daga baya ya fito ya ce ya yi nadama, kuma a 2012 ya fitar da na asali. Na girmama shi a kan haka.

Ban hana mai abu gyara abinsa ba, ni ma gyaran nake yi. Abin da ke min ciwo shi ne ɓoye na farko har wanda ya kalla yana yaro ya rasa inda zai same shi ya nuna wa ɗansa. Na ƙara gida na huɗu a zanena, amma tsohon mai gida uku zai fito a gefensa da shekarar da aka zana shi.