Yadda Katin Wi-Fi Ya Ƙaura Daga Laftof Zuwa Kwamfutar Tebur

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta fara cin moriyar katin Wi-Fi, saboda ita ke yawo. Ta tebur kuwa tana girke wuri ɗaya da wayar intanet soke a bayanta, don haka kamfanoni suka daɗe ba su kula ta ba. Ƙa'idar farko ta wannan sadarwa, 802.11, ta fito daga ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE a 1997, gudunta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A 1999 kamfanin Apple ya fitar da iBook tare da katin AirPort na dala 99, daga nan abin ya shiga hannun jama'a. Sauran laftof na wancan zamani ta gefe ake zura musu kati, kan eriyar na leƙowa waje.

Ba a jima ba katin ya koma ciki, aka ɓoye eriyarsa a murfin allo. Aka fara da Mini PCI, Intel ya ƙara wa abin ƙaimi da tsarin Centrino a 2003, sannan wajen 2005 Mini PCI Express mai haƙora 52 ya karɓi fage. Shi kuwa Bluetooth hanyarsa daban ce: kamfanin Ericsson na Suwidin ya soma aikinsa a 1994, a 1998 kuma ya haɗa kai da IBM da Intel da Nokia da Toshiba don tsayar masa da ƙa'ida. Bluetooth ya yi shekaru yana zaman kansa a wani ɗan guntun allo kafin a haɗe shi da Wi-Fi a kati ɗaya.

Wannan haɗin ne ya buɗe wa masu gyara ƙofar mayar da katin laftof cikin kwamfutar tebur. Ramin Mini PCI Express layi biyu yake ɗauke da su, PCI Express da USB, kuma duka biyun akwai su a madabod ɗin kwamfutar tebur. Shi ya sa adaftar da ake dasa katin a kanta kusan fanko ce, aikinta kawai ta kai kowane haƙori inda ya dace. Laftof kan mutu ta madabod ko ta fashewar allo, katin kuwa lafiyarsa ƙalau. Ƙusa ɗaya ko biyu za a kwance, a ɓalle wayoyin eriya biyu, galibi baƙa da fara, shi ke nan ya fito. A yawancin katunan, Wi-Fi ta PCI Express yake bi, Bluetooth kuma ta USB, saboda haka dole a ja 'yar waya daga adaftar zuwa mazaunin USB mai fil 9 da ke jikin madabod. Wanda ya mance da ita zai samu intanet, amma Bluetooth ko alamarsa ba zai gani ba. Eriya ma sai an fito da ita bayan akwatin, tunda ƙarfe tare siginar yake yi.

Wajen 2013 M.2 ya fara maye gurbin tsohon ramin, maƙalan eriyarsa sun fi na da ƙanƙanta, don haka tsofaffin wayoyi ba sa kama su. A 2017 Intel ya kawo CNVi, inda aka mayar da wani sashe na aikin katin cikin madabod. Irin wannan kati ba ya tashi a kan adafta, shi ya sa katin AX200 ke aiki a kwamfutar tebur ta wannan hanya, ɗan'uwansa AX201 kuwa ba ya yi, duk da kamar da suke yi da juna.