Dokar Bankuna ta 1952 da Amanar Masu Ajiya

Tun daga shekarar 1892, sa'ad da aka buɗe banki na fari a Ikko, har zuwa 1952, shekara sittin ke nan Nijeriya ba ta da dokar da ta keɓanta da bankuna. Duk wanda ya yi wa kamfaninsa rajista yana iya kama ɗaki, ya kafa allo, ya shiga karɓar kuɗin jama'a da sunan ajiya, ba mai tambayarsa jarin da ya tanada, balle inda ya kai dukiyar mutane.

Manyan bankunan wannan zamani na Turawa ne, watau Bank of British West Africa da Barclays. Harkarsu da Gwamnati ce da manyan kamfanonin Turawa. Ɗan kasuwa baƙar fata kuwa, a karɓi ajiyarsa, amma rance ya yi masa wuya. Abin da ya sa 'yan ƙasa suka tashi kafa nasu ke nan. Na farkonsu, Industrial and Commercial Bank, an kafa shi cikin 1929, bai wuce 1930 ba ya rushe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuɗin amfanin gona suka yawaita a hannun mutane, sai ƙananan bankuna suka yi ta ɓullowa, galibi a Kudu. Cikin 1948 Gwamnati ta naɗa G. D. Paton ya bincika al'amarin, bisa shawararsa kuma aka yi dokar 1952.

Dokar ta hana kowa aikin banki sai da lasisi daga Sakataren Kuɗi. Bankin gida lalle jarinsa da aka biya ya kai fam 12,500, na waje kuwa fam 100,000. An wajabta wa kowane banki ya riƙa keɓe wani kaso na ribarsa, ya kuma riƙe isassun kuɗi a hannu. Bankunan da doka ta tarar aka ba su wa'adin shekara uku su cika sharuɗɗa.

To, wace hujja hukuma take da ita ta shiga tsakanin mutum da wanda ya yarda da shi? Hujjar tana cikin ma'anar amana. Falken da ya bar kuɗinsa wurin mai masaukinsa ya san mutumin, ya san gidansa da asalinsa, in kuwa aka ci amanarsa ga kunyar duniya, ga alƙali. Mai ajiya a banki bai san komai ba sai fuskar akawu. Ba ya ganin littattafai, bai kuwa san an ba da kuɗinsa rance ga wani ba, har abin da ke cikin akwati bai kai abin da ake bin banki ba. Saboda haka doka ta zama idon wanda ba ya iya gani. Har ila yau, faɗuwar banki ɗaya takan firgita masu ajiya a sauran, su ruga karɓar kuɗinsu, mai gaskiya ya faɗi tare da maci amana.

Amma iyakar dokar ba ta daɗe ba ta bayyana. Kafin ƙarshen 1954 yawancin sababbin bankunan nan sun rufe, talakawa da yawa suka yi hasarar abin da suka tara. Doka ba ta tanadi hanyar biyansu ba, babu kuma babban bankin da zai tallafi wanda ƙarancin kuɗi a hannu kawai ya dame shi. Ba ta kuwa taɓa asalin ciwon ba, watau hana 'yan ƙasa rance. Waɗanda suka tsira, irin su National Bank of Nigeria da African Continental Bank, da kuɗin Gwamnatocin Jihohi suka tsira, wannan kuma ya haifi wata matsala. Cikin 1956 aka kafa kwamitin Foster-Sutton ya binciki yadda kuɗin Jihar Gabas suka shiga bankin da Firimiyarta, Dokta Azikiwe, yake da hannu a ciki. Nan aka ga ashe mai tsaron amana shi ma yana bukatar mai dubansa.

Gyaran ya zo da kaɗan-kaɗan. J. L. Fisher na Bankin Ingila ya ce lokacin kafa babban banki bai yi ba tukuna. Bayan rahoton J. B. Loynes na 1957 aka yi dokar 1958, Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 1959. Hukumar inshorar ajiya kuwa, wadda ke biyan ƙaramin mai ajiya in bankinsa ya rushe, sai cikin 1988 aka kafa ta. Watau mutumin da aka yi dokar 1952 dominsa ya jira shekara 36 kafin a lamunce masa kuɗinsa.