Mil Dubu a Shekara: Daga Ina Masu Sassarfa Suka Gaji Wannan Lissafi?

A kwanakin ƙarshe na watan Disamba akwai wani irin mutum da akan gani a bakin titi da sanyin asuba, yana sassarfa yana ɗan ɗingishi, jim kaɗan ya duba agogon hannunsa. Babu gasar da ke gabansa, babu kuma mai biyansa ko kwabo. Ma'aikacin banki ne, ko likita, ko malamin jami'a, wanda tun ranar 1 ga Janairu ya ɗaukar wa kansa alkawarin gudun mil 1,000 kafin shekara ta fita. Ga shi saura kwana biyar, ga mil arba'in ba su cika ba. Gwiwa tana neman hutu, lissafi yana neman cikawa, kuma galibi lissafin ne yake rinjaye.

Mil 1,000 kilomita 1,609 ke nan, kamar mutum ya tashi daga Kano a ƙafa ya je Legas, ya juyo ya ci rabin hanyar komowa. In an raba shi bisa makonnin shekara, kusan kilomita 31 ne kowane mako. Wannan ɗabi'a ta ƙirga tafiya da ɗaura wa kai adadi tana da tarihin da ya haura shekara 200, kuma a kowane zango na tarihin adadin yana yi wa masu shi aiki daban. Wanda ya san ayyukan nan zai fi gane abin da lambar da ke agogonsa take faɗa masa, da abin da ba ta iya faɗa.

Lissafin 'yan caca

Mutanen da suka fara mayar da ƙirgar mil abin kallo a Ingila 'yan caca ne. A ƙarni na 18 da farkon na 19 manyan masu dukiya sukan sa kuɗi a kan mai ƙafa kamar yadda suke sawa a kan doki. Wanda ya fi shahara shi ne Kyaftin Robert Barclay Allardice, wani mai filaye daga Sikotilan. A shekarar 1809, a garin Newmarket, ya ci alwashin zai taka mil ɗaya a cikin kowace awa, awa 1,000 a jere, dare da rana, a kan gini 1,000. Gini ɗaya a lokacin fam ɗaya ne da sule ɗaya.

Ya fara ranar 1 ga Yuni, ya gama ranar 12 ga Yuli, kwana arba'in da biyu ba kaɗan. Wahalar duk tana ga barci. Dabarar da ya yi ita ce ya taka mil ɗaya a ƙarshen wannan awa, ya zarce da na gaba a farkon mai bi mata, ta haka yake samun kamar awa ɗaya da rabi ya kwanta. Barclay tafiya ya yi, ba gudu ba, amma ya bar wa na baya abu biyu: cikakkiyar lamba mai daɗin faɗa, da ƙa'idar cewa fashi ɗaya yana rushe komai.

Tsarkin da ya kori talaka

Caca takan zo da maguɗi, shi ya sa a tsakiyar ƙarnin 'ya'yan manya da suka fito daga Oxford da Cambridge suka nemi raba wasansu da na masu neman kuɗi. Suka kafa aƙidar ɗan sha'awa, wato wanda yake wasa don son wasan kawai. Ƙungiyar da suka kafa a Landan a 1866 ta kai ga rubuta cewa makaniki da mai sana'ar hannu da lebura ba sa cikin 'yan sha'awa. Hukumar da ta gaje ta a 1880 ta cire wannan sharaɗi, amma ta riƙe haramcin karɓar kuɗi, ta kuma tsananta shi na kusan shekara ɗari.

Labarin John Tarrant ya nuna kaifin dokar. Yana saurayi a garin Buxton ya yi 'yan damben zamani, aka ba shi jimillar fam 17. Da ya koma gudu ya nemi shiga kulob a 1952, sai ya faɗi gaskiya a takardar neman shiga, aka haramta masa gasa har abada. Tarrant bai haƙura ba. Ɗan'uwansa yakan kawo shi wurin tsere a kan babur, yana lulluɓe da babbar kwat, ana tashi sai ya yar da ita ya faɗa cikin masu gudu ba tare da lamba a ƙirji ba. Jaridu suka sa masa suna fatalwar tsere. An sassauta masa a 1958, amma ba a taɓa barinsa ya wakilci ƙasarsa ba, ko da ya kafa tarihin duniya a gudun mil 40 a 1966 da na mil 100 a 1969. Ya rasu a 1975 yana da shekara 42.

Wannan zamani ya canja ma'anar lissafi. Tun da an hana mai gudu lada, abin da ya rage masa shi ne ɗan littafin da yake rubuta atisayensa: yau mil kaza, a minti kaza, iska ta yi yawa, ƙafar hagu tana ciwo. Jimillar da yake haɗawa a ƙarshen mako da ƙarshen shekara ita ce albashinsa.

Mai aikin takalmi na Auckland

Mutumin da ya mayar da adadin mil magani mai awo shi ne Arthur Lydiard, wanda aka haifa a Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a 1917. Ba shi da digiri, a masana'antar takalmi yake aiki. Ya shafe shekaru yana gwaji a jikinsa, yana ƙarawa yana ragewa, har ya tsaya a kan mil 100 a mako, kimanin kilomita 160, na tsawon makonni da dama kafin a shiga atisayen tudu da na sauri. Hujjarsa ita ce doguwar tafiya da saurin da numfashi bai sarƙe ba tana ƙarfafa zuciya da ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga tsoka, kuma a kan wannan harsashi ake ɗora sauri. Kowace Lahadi yaransa sukan bi wata hanya mai hawa da gangara ta mil 22 a tsaunukan Waitakere.

Masana na lokacin sun ɗauki abin wauta, musamman ga mai tseren mita 800 da bai kai minti biyu ba. Amsar ta zo a gasar Olamfik ta birnin Rum, ranar 2 ga Satumba 1960. A cikin kusan awa ɗaya Peter Snell ya ci zinare a mita 800, Murray Halberg ya ci a mita 5,000. Bayan 'yan kwanaki Barry Magee ya zo na uku a gudun yada ƙanin wani, wanda Abebe Bikila na Habasha ya lashe ba takalmi. Dukansu ukun yaran Lydiard ne, daga gari ɗaya. Daga nan mil 100 a mako ya zama abin da masu gudun nesa suke auna kansu da shi.

Daga zakaru zuwa masu teɓa

Lydiard yana da wani darasi na biyu da ya fi na farko tasiri. A farkon shekarun 1960 shi da wasu abokansa suka kafa kulob na masu sassarfa a Auckland, akasarinsu magidanta masu teɓa, wasunsu ma sun taɓa kwanciya da ciwon zuciya. Waɗannan bai ɗora musu mil 100 ba. Abin da ya koya musu shi ne su tafi da saurin da za su iya hira, su tsaya kafin jiki ya galabaita, su dawo gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshen 1962 Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon ta Amurka, ya kai ziyara, aka gayyace shi fita da kulob ɗin. Yana da shekara hamsin da 'yan kai, yana ganin kansa lafiyayye, sai ga shi an bar shi a baya a kan tudu, wani dattijo mai shekara saba'in da wani abu ya rage sauri don ya taya shi tafiya. Kunyar ta bi shi har gida. Ya fara tara mutanen garin Eugene suna sassarfa, sannan shi da likitan zuciya Waldo Harris suka wallafa ɗan littafi mai suna Jogging, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Bowerman ɗin nan shi ne ya haɗa gwiwa da Phil Knight suka kafa kamfanin da ya zama Nike, don haka tun daga tushe shawarar lafiya da cinikin takalmi tare suka taso.

A 1968 likitan sojan sama Kenneth Cooper ya fitar da littafinsa Aerobics, inda ya ba kowane motsa jiki maki, ya ce a nemi maki 30 a mako. Lafiya ta zama abin da ake tarawa kamar asusu. Gudun yada ƙanin wani na birnin Niyu Yok ya fara a 1970 da mutum 127, kowa ya biya dala ɗaya, 55 suka kai ƙarshe. Bayan Frank Shorter ya ci zinare a Munich a 1972 a gaban masu kallon talabijin na Amurka, abin ya bunƙasa, har yanzu masu kammala tseren na Niyu Yok sun haura 50,000 a shekara. Mata kuwa sai da suka yi gwagwarmaya. A 1967 wani jami'in tseren Boston ya yi yunƙurin fizge lamba 261 daga jikin Kathrine Switzer tana tsakiyar gudu, kuma sai 1984 aka sa wannan tsere na mata a Olamfik.

A nan ne darussan Lydiard biyu suka cakuɗe. Magidancin da aka ce ya tafi a hankali ya karanta labarin mil 100 na zakaru, ya ga nasa ƙanƙane, ya fara ƙarawa.

Mutum biyu da lambobinsu

Jim Fixx ɗan jarida ne. Ya fara gudu a 1967 yana da shekara 35, nauyinsa ya kusa kilo 100, yana shan kwalin sigari biyu a rana. Ya bar taba, ya rame, ya rubuta littafi a 1977 da ya sa miliyoyin Amurkawa ɗaura takalmi. Ranar 20 ga Yuli 1984 ya faɗi ya mutu a bakin hanya a jihar Vermont yana cikin gudunsa, yana da shekara 52. Binciken gawa ya nuna jijiyoyin zuciyarsa sun toshe ƙwarai. Mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana da shekara 43. Masu ƙin motsa jiki sun samu abin faɗa, amma darasin da likitoci suka ɗauka ya fi daidai: gudu yana rage haɗari, ba ya goge gado ko tabon shekarun baya, kuma jimillar mil ba gwajin asibiti ba ce.

Ron Hill kuwa Bature ne ɗan Ingila, masanin sinadaran rini da tufafi, wanda ya lashe tseren Boston a 1970 alhali yana da aikin da yake zuwa kullum, har yakan tafi wurin aikin ya dawo da gudu. Daga 20 ga Disamba 1964 bai yi fashin rana ɗaya ba, ko da mil ɗaya ne sai ya yi, har tsawon shekara 52 da kwana 39. A 1993 ya yi haɗarin mota ƙashin ƙirjinsa ya karye, bai fasa ba. Da aka yi masa aiki a ƙafa, ya dogara sanduna ya cika mil ɗinsa. Littattafansa sun tara fiye da mil 160,000. A Janairun 2017, yana da shekara 78, ya ji ciwo mai tsanani a ƙirji yana cikin gudu, ya lallaɓa ya ƙarasa mil ɗin, daga nan ya ajiye, yana mai cewa iyalinsa suna da hakki a kansa. Ƙa'idar Barclay ce ta rashin fashi, sai dai wannan karon ba gini ko ɗaya a ƙarshenta.

Lamba a idon jama'a

Littafin Hill a aljihun tebur yake, shi kaɗai yake dubawa. Daga 2003 kamfanin Garmin ya fara sayar da agogon gudu mai bin tauraron ɗan'adam, a 2009 kuma manhajar Strava ta fito, ta sa abokai suna ganin jimillar juna suna jinjinawa. Lissafin da yake sirri ya koma abin baje-koli, kuma hutun da jiki yake bukata ya zama giɓi da kowa yake gani. A daidai wannan zamani darasin Lydiard na biyu ya sake tsirowa: a Oktoban 2004 mutum 13 suka haɗu a lambun Bushy da ke Landan suka yi kilomita biyar kyauta, abin da ya zama parkrun, wanda yanzu ake yi kowace Asabar a ƙasashe da dama, mai tafiya da mai gudu duk ɗaya. A Nijeriya ma, tun da aka fara babban tseren birnin Legas a 2016, ƙungiyoyin masu fita da asuba sun yawaita a manyan garuruwa.

Yana da kyau mai karatu ya ajiye lamba ɗaya kusa da mil dubun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Ga mai sassarfa da ke cin kilomita a minti shida zuwa bakwai, minti 75 bai wuce kilomita 12 da rabi ba, wato kusan 600 a shekara. Abin da ya ɗara wannan yana iya ƙara amfani, amma dalilinsa ya fara komawa shirin tsere, ko nishaɗi, ko alkawarin da mutum ya yi wa kansa. Duk dalilai ne masu kyau, matuƙar mai shi ya san wanne yake bi.

Amfanin adadin shekara na gaskiya ne: shi yake tayar da mutum ranar da ba ya so, a ƙurar hunturu da zafin Afrilu, shi yake dawo da shi bayan azumi ya rage tafiya. Illarsa ita ce bai san zazzaɓi ba, bai san gwiwa ba, bai san abin da ya kashe mahaifin mai shi ba. Shi kansa Lydiard mil 100 ɗinsa na wasu makonni ne, ga samari zaɓaɓɓu, don wata rana da aka sani. Mutumin nan namu na Disamba, in ya tsaya a mil 960 ya huta ƙafarsa, zuciyarsa ta riga ta karɓi ladan fitar da ya yi wata goma sha biyu. In ya matsa ya cika arba'in ɗin a kan gwiwa mai ciwo, mai yiwuwa ya buɗe sabon shafin Janairu a zaune.